Koyon Jitar Dobro: A Fara da Kunne

Duk wanda ya ga makaɗin jita mai faifan ƙarfe yana zamar da wuyan kwalba a kan tsirkiyoyi, zai ɗauka babu kiɗa mai sauƙi kamarsa. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan zato. Idan aka ɗaure tsirkiyoyin shida bisa tsarin D, G, D, G, B, D, to ɗan koyo na iya shimfiɗa kwalbar a gaɓa ta 5, ta 7 da ta 12, ya fitar da amo mai daɗi tun ranar farko. A nawa ra'ayin, wannan sauƙi shi ne yake yaudarar yawancin masu koyo.

Bari mu waiwayi asali. John Dopyera, ɗan asalin Sulobakiya mazaunin Kalifoniya, shi ya ƙera wannan jita, kamfanin National kuma ya fara fitar da ita a 1927. Matsalar wancan lokaci ita ce ƙaho da ganga na danne muryar jita, ga shi ba a fara jona ta da lantarki ba. Sai ya dasa mata faifan alminiyam mai siffar mazurari domin ƙara amo. Daga baya shi da 'yan uwansa suka kafa Dobro. To, mai karatu ya lura: faifan nan ba ya tace abin da yake ƙarawa. Yadda yake ɗaga amo mai kyau, haka yake ɗaga ƙarar karce da kukan tsirkiyar da aka manta ba a danne ba.

A jita ta yau da kullum, ƙarafan da ke gicciye a wuyanta su ne ke tsayar da amo, aikin yatsa dannawa kawai. Da kwalba kuwa wannan gata ya faɗi. Dole ta tsaya daidai saman ƙarfen, ba bayansa ba, kuma ba tare da an danna ta ba. Ta goce kaɗan, waƙa ta yi tsami. Babu mai gaya wa makaɗi ya goce sai kunnensa. Wanda ya san goge ko kukuma ba baƙo ba ne a nan, domin su ma ba su da gaɓoɓi. Masanin nan Gerhard Kubik ma, a littafinsa na 1999, ya danganta wani salo na kiɗan bulus da yankinmu na Sudan ta tsakiya.

Don haka nake ganin kuskure ne ɗan koyo ya fara da haddace lambobin da ake zanawa a intanet, ko ya zuba dukiya wajen sayen jita mai tsada. Ya ɗauki tsirkiya ɗaya tak, ya rera gajeriyar waƙa da bakinsa, sannan ya neme ta da kwalba har su daidaita. Ya koyi jan yatsa a bayan kwalbar don kashe ƙarar banza. Ya saurari Son House da Bukka White, mutanen Misisipi da suka yi suna da jitar National.

Za a ce wannan hanya na da gundura, kuma wasu za su gudu. Gaskiya ne, makonnin farko sai maƙwabta sun yi haƙuri. Abu ɗaya dai ya kamata a yanke kafin a biya kuɗi: mai wuya zagayayye ake rungumewa kamar kowace jita, mai wuya murabba'i kuwa kwantar da ita ake yi a cinya, a kaɗa da sandar ƙarfe kamar yadda Jerry Douglas ke yi.