Ba Kowane Ciwon Ido Ne Leza Ke Warkarwa Ba

Yau zancenmu a kan ido ne, domin maganar aikin ido da hasken leza ta yawaita a bakin mata, daga nan Unguwar Tudu har Gwarzo da Kabo. Wata ta ce wuta ce ake haska wa mutum ta ƙone masa ido, wata kuwa ta ce ai maganin kowace irin makanta ne. Duka biyun kuskure ne, irin wanda yake iya sa mutum ya rasa ganinsa.

Da farko mu san abin da aikin yake. A gaban baƙin ido akwai wata 'yar fata garau kamar gilashi, ta nan haske yake shiga. In lanƙwasarta ba ta yi daidai da tsawon idon ba, sai mutum ya riƙa gani dishi-dishi. Tabarau yana gyara wannan daga waje. Ita kuwa leza kankare ɗan abu take yi daga fatar nan, kamar kaurin silin gashi, don haske ya faɗa inda ya kamata. An fara yi wa mutane wannan aiki a ƙarshen shekarun 1980, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 1995. Watau amfaninsa shi ne ya raba mutum da tabarau.

To, masu cewa ana ciro ido a ɗora a faranti a wanke a mayar, lalle su bar wannan zance. Babu aikin da ake ciro ido a mayar da shi. Magani ake ɗigawa idon ya daina jin zafi, mutum yana farke, aikin duka ba ya wuce rabin sa'a, a ranar kuma ya koma gida. Amma fa ba a rasa 'yar wahala: wasu idonsu yakan bushe na wasu watanni, wasu fitila takan kashe musu ido da dare. Likita zai hana sa kwalli na ɗan lokaci, ya ce a guji ƙura da hayaƙin murhu.

Har wa yau ba kowa ake yi wa ba. Ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, domin idonsa bai gama sauyawa ba. Mai juna biyu da mai shayarwa akan ce su dakata. Wadda ta haura 40 kuma, ko an yi mata, wataƙila ta nemi tabarau wajen zura zare a allura ko karatun Alƙur'ani, gama wannan na shekaru ne. Saboda haka yarinyar da take matse ido a aji ba ta ganin rubutun allo, tabarau take bukata yanzu. Kada a hana ta don tsoron surutun mutane. Tabarau ba ya raunana ido, rashinsa ne yake mayar da yarinya mai ƙwaƙwalwa baya.

Babban abin da nake so ku riƙe shi ne na iyayenmu tsofaffi. Yanar ido dabam ce. Can cikin ido akwai wani ɗan madubi, shi ne yake yin fari. Maganinta a cire shi a sa na roba, aikin da likitocinmu suka daɗe da ƙwarewa a kansa. Hawan jinin ido kuma yana cin jijiyar gani a ɓoye. Akwai wata leza dabam da magungunan ɗigawa masu rage shi, amma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya duka daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yana ce kan gaba wajen makantar da masu shekara 40 zuwa sama, hawan jinin ido yana bi mata. Ya kuma nuna idanun da masu yawo da tsinke suka tura wa yana ciki, fiye da kashi 70 cikin 100 makafi ne.

Don haka kada a zaunar da tsohuwa a ɗaka ana jiran a tara kuɗin leza, kada kuma a miƙa ta ga mai tsinke don tsoron asibiti. Kano ba nisa gare mu. Akwai asibitin ido na ECWA da ke aiki tun 1943, da na Makkah, da asibitin koyarwa na Aminu Kano. A je a auna tukuna, likita ya faɗi ko tabarau ne, ko magani, ko aiki. Ku yi wa masu gida magana da ladabi tun ganin bai tafi ba.

Allah ya tsare mana idanunmu, amin. Sai mako mai zuwa.