Talla Ce Ta Kai Ɗan Kumasi Wasan Ƙanƙara

Idan hunturu ya kama, Turawa kan tafi hutu duwatsun Alps suna wasan zamiya kan dusar ƙanƙara. Mu a Ayigya Zango namu bai wuce sayar da rigunan sanyi na gwanjo ba, muna cewa wannan wasa ba na talaka ba ne.

To, Akwasi Frimpong fa? A nan Kumasi ya tashi, cikin ɗaki ɗaya a hannun kakarsa, kafin a kai shi Holan yana ɗan shekara 8. A 2018 ya wakilci Gana a gasar Olamfik ta hunturu a Koriya ta Kudu. Da me ya tara kuɗin horo? Da tallar injin shara gida-gida a Amurka.

Jama'a, yau wasu samarinmu na raina rumfar iyayensu, sun gwammace hanyar Agadas zuwa Libiya, inda hamada da teku ke cin rayuka. Muna kira ga 'yan kasuwar Paga, Bawku da Aflao, kowa ya ja yaro ɗaya jikinsa, ya koya masa ciniki, ya ba shi jari komai ƙanƙantarsa. Talla ba abin kunya ba ce. Allah Ya shirya mana zuriya.