Motar da ba a jin zuwanta: a yi mata doka tun ba ta iso ba

Jama'a, duk wanda ya taɓa tsallaka gudro a Birnin Ƙonni ranar Laraba ya san da kunne ake tsallakawa kafin ido. Babbar hanyar ƙasa ta ratsa Ƙonni, Tsernawa, Malbaza da Galmi, ga kamiyon siminti, ga na albasa, ga kabu-kabu da amalanken jakai, ga ƴan lakwal a gefe. Haka abin yake a Badagishiri, kan hanyar Tawa. A rediyo kullum muna cewa yara su saurari ƙarar mota. To, idan motar ba ta da ƙara fa?

A Amurka, kamfanin Tesla ya fara miƙa wa masu saye a-kori-kura mai aiki da lantarki, Cybertruck, a shekarar 2023. Nauyinta ya kai wajen ton 3, jikinta ƙarfe ne mai kaifin gefe da ba ya lotsawa da sauƙi. A Ingila ba a yarda ta hau titi ba, har ƴan sanda suka kama ɗaya a 2025. Cibiyar IIHS ta Amurka ta gano a 2023 cewa motar da goshinta ya wuce mita 1 ta fi mai gajeren goshi kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100, domin a ƙirji da kai take duka.

Ana cewa waɗannan motoci suna da na'urar da ke hango mutum ta taka birki da kanta. Amma gwajin ƙungiyar AAA na 2019 ya nuna na'urar ba ta da amfani da dare. Ina ga hanyarmu da ba fitila, ba zane, ga ƙurar hunturu?

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce. Mu tuna motar da suka gaji da ita, gare mu take ƙarewa. Shi ya sa nake kira ga hukumar ANISER da duwan su sa sharaɗi tun yanzu: duk motar lantarki da za ta shigo, a tabbatar tana fitar da sauti idan tana tafiya a hankali, yadda Tarayyar Turai ta wajabta. Magadan gari kuma su sa fitilu da tudun rage gudu a bakin kasuwanni da makarantu.

Direba kuwa, idonka da ƙafarka su ne amanar ran ɗan mutane, kada ka bar wa na'ura. Allah ya kiyaye hanya.