Aljanun fina-finanmu: ba tsoro, ba dariya

A fadojin matasa na Tawa, har zuwa Kalfu da ƙauyukan arewacin Adar, wayar hannu ta gaje gidan silima. Wani ya sayi intanet ya sauke sabon kashi daga YouTube, saura su karɓa a wajensa ko wajen masu turi. 'Yan ci-rani a Abijan, Legas ko Libiya su ma abin da suke kallo ke nan bayan an tashi daga aiki. Ƙorafi ɗaya ne ke yawo tsakaninsu game da shirye-shiryen barkwanci masu dogon zango da ake cusa aljanu a ciki: kashin farko ya yi armashi, kafin a kai na goma an fara hamma.

Masu wannan ƙorafi suna da gaskiya. Duk wanda ya kalli biyu ko uku ya haddace salon. Boka a cikin kogo da jan ƙyalle yana ƙyaƙyata dariyar ƙarya, aljani an shafa masa farar hoda, murya na amsa-kuwwa, sai wani ɗan wasa ya zura da gudu ya faɗa kwata. A mako mai zuwa a sake. Aljanin da ya ratsa bango jiya, yau an kulle shi a ɗaki ya kasa fita, don kawai marubuci yana neman abin da zai cika minti arba'in. Tunda YouTube yana biya ne gwargwadon kallo, jan labari ya fi ƙare shi riba. Mai kallo ne ke biyan kuɗin intanet ɗin.

Japan ta daɗe tana haɗa dodanni da raha a talabijin, kuma akwai darasi a yadda take yi. Shirin "Yokai Sharehouse" da tashar TV Asahi ta nuna a 2020 labarin wata budurwa ce mai sanyin hali da ta tare gida ɗaya da fatalwowin tatsuniyoyin ƙasar. Kashi 8 aka yi aka rufe zangon. Abin da ya fi wannan muhimmanci, dodannin Japanawa kowanne da dokarsa. Akwai dodon ruwa mai suna kappa, wanda ke da ɗan faranti na ruwa a tsakar kansa. In ruwan ya zube, ƙarfinsa ya tafi. Ga shi da ladabi, in ka rusuna masa dole ya rusuna maka. Ko yaro ya ji wannan ya san daga ina dariyar za ta fito.

Abin takaicin shi ne ƙasar Hausa ba ta rasa irin wannan ba. Iskokin bori, waɗanda har yau Adar ta san su, kowanne da sunansa da halinsa. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai son ado, mai caca da ɓarnar dukiya. Malam Alhaji dattijon malami ne mai tari da jan carbi. Ga Kuturu, ga Sarkin Rafi mai zafin kai, ga Doguwa. Kowanne da abin da yake so da abin da ba ya jurewa. Marubucin da ya zaunar da Ɗan Galadima da Malam Alhaji a gidan haya ɗaya ba ya buƙatar kowa ya faɗa kwata.

Za a ce ai addini da hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda ke aiki tun 2001, ba za su bari ba. Hanzari ne mai ƙarfi, domin babu furodusan da ke son a ce yana tallata bori. Amma bokan kogo da ake nunawa kullum fa, wace fatawa ce ta halatta shi? Kuma ko an bar iskoki gefe, Gizo da Ƙoƙi da Dodo na nan a tatsuniya, ba wanda ya taɓa hana su.

A nan Tawa ma an taɓa gwadawa. Moustapha Alassane, wanda ya zauna a garin shekaru da dama yana aikin fim har rasuwarsa a 2015, ya yi "Toula" a farkon shekarun 1970, lokacin babban fari, daga labarin Boubou Hama: aljanin ruwa ya nemi a ba shi budurwa kafin ruwa ya samu. Buƙatar aljanin ɗaya ce, ba ta canja ba, kuma a kanta dukan labarin ya tsaya. Wajen raha kuwa, tun 1966 ya zana "Bon Voyage Sim", inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki, cikin 'yan mintoci ya gama da masu mulki. A "Kokoa" ma kwaɗin ya sa suka shiga filin kokowa.

Matasan Tawa da ke ɗaukar gajerun barkwanci da waya suna ɗorawa a TikTok, yawancinsu Kano suke kwaikwayo, har da farar hodar. Wasu daga cikin fina-finan Alassane suna nan a intanet, kuma "Bon Voyage Sim" bai kai kashi ɗaya na shirin da suke kuka da shi cin kuɗi ba.