Sauƙin Haraji Bai Iso Jega Ba

'Yan'uwa, a ƙarƙashin dokar kuɗi ta 2019, an yafe wa kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba harajin kamfani. Madalla. Amma wa ya amfana? Mai rajista a Abuja, mai akanta, mai lauya. Telan da ke Maiyama, da gwauruwar da ke sayar da manja a kasuwar Jega, ba kamfani ba ne. Abin da ya iso gare su daga dokar nan shi ne ƙarin harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, wanda suke biya a kan zare da sabulu.

Ba mu ƙin biyan haraji. Abin da muke ƙi shi ne a karɓa sau uku a kan kaya ɗaya. Buhun albasa ya tashi daga Aliero, an biya a kasuwa, an biya a tasha, sai kuma ga katako mai ƙusa a hanya. Tun 1998 doka ta 21 ta haramta tare hanya domin karɓar haraji. Albasa kuwa ba ta jiran gardama, ruɓewa take, don haka direba ya biya ya wuce. Bayan cire tallafin mai a 2023, wannan kuɗin daga bakin yara ake cire shi.

Ƙananan hukumomin nan uku su liƙa jerin kuɗin da doka ta yarda a ƙofar kowace kasuwa, da Hausa. Mu kuma kada mu ba da ko sisi sai da rasit.