A koya wa yara dalilin siffa kafin haddar zane

A darasin SVT ɗalibanmu na koleji suna zana ƙwayar jijiya da rassanta da doguwar jelarta, su haddace sunayen Faransanci saboda BEPC. Tambaye su me ya sa take da wannan siffa, sai aji ya yi tsit. A ganina gyaran yana kasuwa, wajen masu sayar da busasshen jatan lande da ake shigo da shi daga Najeriya.

A jiƙa guda ɗaya a ruwa, a ɗora masa gilashin ƙara girma. Yaro zai ga idanu biyu a kan ƴan sanduna, da siraran gashi a gaban kai, waɗanda gajerun cikinsu ke shinshinar abinci a ruwa. Daga nan malam ya yi bayani. Jijiyoyin ido a jere suke layi-layi, kowane layi da gefen da yake kallo, domin dole ido ya san inda abu yake. Na wari kuwa dunƙule-dunƙule suke taruwa a ƙwaƙwalwa, don aikinsu rarrabe irin warin ne. Akwai kuma jijiyoyi masu kauri da suka bi tsawon jiki har wutsiya. Kaurin ne ke sa saƙo ya yi sauri, shi ya sa dabbar ke fizgar wutsiya ta tsere kafin a kama ta.

Kada a raina wannan. A 1959 Furshpan da Potter, a jikin jatan landen ruwan daɗi, suka nuna cewa wasu ƙwayoyin jijiya na miƙa wa juna saƙo kai tsaye ta lantarki.

Ko ba jatan lande, Dungas ba ta rasa fara. A bayan kowane idonta akwai wata babbar ƙwayar jijiya mai rassa kamar mafici, aikinta hango abin da ke tunkaro ta. Duk yaron da ya taɓa kai hannu fara ta tashi ya san aikin wannan ƙwaya, sunanta ne kawai bai sani ba.

Wasu malamai za su ce lokaci bai isa ba, ga jarrabawa a gaba. Minti goma ya isa, kuma abin da yaro ya gane ya fi zama a kansa ranar jarrabawar. Iyaye, idan yaro ya nuna muku zane a littafinsa, ku tambaye shi da Hausa: wannan reshen, mene ne aikinsa?