Gyaran gida da abin da ke hannu

Idan bazara ta kama, magidanta sukan dudduba ɗakunansu. Ga bango ya tsage, ga soro ya zaizaye, ga indararo ya karye. Wani sai ya ce: "A bari sai an sami kuɗin siminti da kwano." Wannan jira kuskure ne, domin damina ba ta jiran kowa. A shekarar 2024 ruwan sama ya rushe gidaje masu yawa a Nijar, har da tsohon masallacin Birni a Damagaram. Gidan da ba a gyara ba shi ne ruwa ya fi saurin kayarwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gaskiyar magana, yawancin kayan gyara suna nan cikin gida. Abu na farko shi ne ƙasa. Bangon da ya faɗi ba shara ba ne. Ana farfasa tsofaffin tubala, a jiƙa su da ruwa, a zuba ciyawa da kashin dabbobi, a tattake. Bayan ƴan kwanaki sai a yi yaɓe ko a buga sababbin tubala. Ba a sayi ƙasa ba, ba a biya mai amalanke ba.

Abu na biyu shi ne azara, wadda ake tsagowa daga giginya. Gara ba ta cinta da sauƙi, shi ya sa takan daɗe fiye da ɗakin da aka rufa da ita. Giginya kuwa tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma dajinta, kamar na yankin Gaya, yana bukatar kiyayewa. Wanda ya ƙona tsohuwar azara a murhu ya ƙona kuɗinsa. Wanda ya adana ta ya ceci itaciya guda.

Abu na uku shi ne ƙarfe. A kasuwar Katako ta Yamai, maƙera suna buɗe tsofaffin ganguna, su daddake su, su ƙera ƙofofi da tagogi da akwatuna. Gutsuren kwano yana zama indararo. Ƙusar da ta lanƙwashe, guduma tana miƙe ta.

Magina na da ma haka suke yi. Suna karɓo katsi, wato abin da ya kwanta a gindin marina, su haɗa laso da shi. Suna jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, su shafe bango don ruwa ya zame. Abin da wani ya zubar, su a wurinsu kayan aiki ne.

Akwai masu cewa tsohon kaya abin kunya ne, siminti shi ne ci gaba. Siminti yana da amfani a wurinsa, kamar gindin bango da bakin rijiya. Amma idan aka yaɓa shi a bangon ƙasa, ba ya kamawa sosai. Ruwa yakan shiga bayansa ya jiƙa ƙasar a ɓoye, wata rana ya ɓantare. Ɗakin kwano kuma yana zafi da rana, alhali ɗakin soro yana riƙe sanyi. Ga tsada: a watan Janairu na 1994 an rage darajar kuɗin sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Ƙasar da ke tsakar gida kuwa ba ta ƙara ko dala ɗaya ba.

Masu ilimin gini na zamani ma sun yarda da wannan. A garin Dandaji, cikin jihar Tawa, ba a rushe tsohon masallacin ƙasa ba. An gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi. Mariam Kamara, ƴar Nijar, tana cikin waɗanda suka tsara aikin, an kuma gama shi a 2018. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai ba kowane tsohon abu ake ɗauka ba. Gangar da aka zuba maganin ƙwari a ciki guba ce, ba a ajiye ruwa ko hatsi a cikinta. Itacen da gara ta cinye ba ya ɗaukar rufi. Ƙusa mai tsatsa da fasasshen kwalba sukan ji wa mutum ciwo, don haka ba a taka wurin gini ba takalmi.

Ɗan makaranta yana da nasa aikin. Zai iya tsince ƙusoshi ya tara a gwangwani, ya ɗebo ruwan kwaɓa, ya share hanyar ruwa. Idan ya ga tsaga a bango, ya gaya wa babansa tun ba ta yi girma ba. Tsagar da hannu ɗaya na laka zai toshe yau, bayan damina ɗaki guda za ta ci.

Tambayoyi

1. Yaya ake mayar da tsohon bango sabon tubali?
2. Don me ba a ƙona tsohuwar azara?
3. Waɗanne tsofaffin kaya ne ba a amfani da su?